Mataki na Huɗu, Kada Ki Zage Shi

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 2:40 na rana

Dole in rubuta, don in ban rubuta ba zan hau bene in yi abin da zai raba ni da aikina.

Malamin lissafi ne. Jan Biro, kamar yadda yara ke kiransa a bayan idonsa, saboda jan biro uku da ba sa barin aljihun rigarsa. Yau a gaban ɗalibai arba'in da biyu ya zaro katin safe na ɗalibata Guguwa ya karanta shi da ƙarfi, daga sama har ƙasa, da murya irin ta mai karanta labarai.

Shekara uku ke nan ina wannan ɗakin na ƙarƙashin bene, ina zama da yaran da hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Likita yana da dogon suna ga larurar. Ni abin da na sani shi ne yaro yana so ya yi, ya iya kuma, amma kafin ya cire murfin biro hankalinsa ya tsallake taga. Aikina in yanka musu yini gunduwa-gunduwa, kowa da katinsa. Na Guguwa wata biyu muka yi muna gyara shi, ni da ita. Ɗaya, tashi ki zauna. Biyu, wanke baki. Uku, sha magani. Huɗu, duba ko takalman iri ɗaya ne. Biyar, buɗe jaka ki gani da idonki. Haka har tara. Tun da ta fara bin katin nan ba ta makara ba ko sau ɗaya.

Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, ajin ƙarshe, saura mako uku jarrabawa.

Wai cewa ya yi, "Jama'a, ashe a cikinmu akwai waɗanda sai an rubuta musu kafin su wanke baki." Sannan ya karanta sunanta da ke ƙasa, ya miƙa mata ya ce ga kayanki. Aji ya tuntsire da dariya. Ta fita ko jakarta ba ta ɗauka ba. Ƙawarta ce ta kawo mini jakar tana kuka, ita ta ba ni labarin.

Allah ya isa. Wallahi sai na ga bayan mutumin nan.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Ba ta zo ba.

Talata, ƙarfe 1:00 na rana

Na je wurin Shugabar makaranta. Ta saurare ni tana juya zoben hannunta, ta ce abin bai yi daɗi ba. Bai yi daɗi ba! Sai ka ce miya ce aka cika wa gishiri.

Ta ce, "Malama, kawo ƙorafinki a rubuce, zan kai wa kwamiti. Amma ki sani za su tambayi yadda takardar sirri ta fita daga ɗakinki."

Na ce ba wannan ce maganar ba. Maganar ita ce babban mutum mai furfura ya tsaya ya tozarta sa'ar 'yar cikinsa. Ta ce to.

Zan rubuta. Zan rubuta abin da in ya karanta sai abinci ya gagare shi kwana uku.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Shafi uku na rubuta. Da kyau suke, har na karanta wa bango.

Sauran yarana huɗu sun zo zaman yamma. Muna da ƙaramin agogon kicin mai ƙararrawa, a murɗa shi minti goma sha biyar a yi aiki, in ya kaɗa a miƙe a zagaya ɗaki, a dawo a sake murɗawa. Guguwa ce mai murɗawa kullum, don ta ce tana son ƙarar haƙoransa. Yau ba wanda ya taɓa shi sai da na ɗauka da kaina. Ƙaraminsu ya ce, "Anti, mu ma za a karanta namu?" Na ce sai dai bayan raina. Na ga biyu daga cikinsu sun cusa katinsu cikin safa.

Wannan ma zan sa a ƙorafin.

Na tura wa maman Guguwa saƙo cewa jakar tana wurina, gobe zan kawo.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Na shiga ɗakin malamai ba kowa. Na ɗauki kofin shayin Jan Biro na ɗora a saman kabad, can ciki. Gajere ne, ko ya hau kujera ba zai hango ba. Na san abin kunya ne ga mace mai shekara talatin da takwas, amma wallahi na ji sanyi a raina har cikin ƙashi.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Yaya ta kira. Na ba ta labarin tun daga farko, ta yi ta salati, ta tsine masa, na ji daɗi. Can sai ta ce, "To ni kam Auta, ya aka yi katin ya je hannunsa?"

Na ce, "Yaya, ke ma?"

Ta ce, "Tambaya na yi. Ke da har yau katinki yana manne a madubi, makullin gida ma sau nawa..."

Na ce ana ƙwanƙwasa ƙofa, na kashe wayar. Ba wanda ke ƙwanƙwasawa.

Eh, ina da nawa katin. Sai da na kai shekara talatin da ɗaya likita ya faɗa mini cewa ba lalaci ba ne, ba kuma iskanci ba ne. Kafin nan na sha bulalar irin su Jan Biro har ba na iya ƙirgawa. Shi ya sa na san abin da yarinyar nan take ji. Shi ya sa ba zan ƙyale shi ba. Ba wata magana bayan wannan.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 9:05 na safe

Mako guda ba ta zo ba. Jan Biro ya makara minti goma sha biyu, na rubuta.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Mai kula da jarrabawa ya leƙo ɗakina ya tuna mini da fom. Fom ɗin da zai ba Guguwa ƙaramin ɗaki ita kaɗai, da ƙarin rabin awa, da izinin shiga da agogonta. Dole ya isa ofishinsa ranar Juma'a 22 ga wata kafin ƙarfe sha biyu, kuma kowane malamin da ke koyar da ita ya sa hannu. In babu fom, babban zaure za ta shiga da mutum ɗari uku, ga fanka tana kuka, ga kujeru suna ƙara, ga masu tari. Bara a zauren nan tambaya biyu ta amsa cikin goma, alhali duk goman ta iya. Babanta ya riga ya ce in ta faɗi babu maimaitawa, ƙannenta ma suna layi. Ita kuwa injiniyar lantarki take son zama, kuma wallahi kanta ya kai.

Akwati tara ne a fom ɗin. Takwas sun cika tun watan jiya. Na tara na Jan Biro ne.

Ni in hau bene in tsaya gaban teburinsa in ce don Allah? Allah ya sauwaƙe. In kwamiti ya zauna, su za su tilasta masa, ya sa hannu yana gumi.

Shafi bakwai.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Mun haɗu a baranda, ba hanyar kaucewa.

"Malama, yanzu ba kya gaisuwa ne?"

Na yi masa kallon sama da ƙasa.

Ya ce, "Haba, ɗan wasa ne fa na yi da yara. A zamaninmu wa ya san wani kati? Bulala biyu, hankali ya dawo."

Na ce, "Shi ya sa naka bai taɓa dawowa ba." A zuciyata na faɗa. A fili wucewa na yi, amma na buga ƙofata har hoton bango ya karkace. Da kofin roba na ga yana shan shayi yanzu, irin na yara.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 3:10 na yamma

Ina buƙatar kwafin takardu na zaman yara, amma na fi son in rubuta musu da hannu. Ɗakin injin kwafi zafi gare shi, ba na son shiga.

Gobe zan kai jakar.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Na zauna tun ƙarfe takwas na safe, na ɗago kai na ga rana ta faɗi. Ko ruwa ban sha ba. Shafi goma sha ɗaya. Na sa makararsa, na sa kuskuren da ya yi a allon sanarwa, na sa yarinyar da ya kira tunkiya shekara biyu da suka wuce, na sa dokokin makaranta sashe-sashe. Har na tsara yadda zan tsaya a gaban kwamiti da rigar da zan sa, da inda zan yi shiru in bar su su kalle shi.

Ina son in ga leɓensa yana rawa. Ina son ya nemi inda zai sa idonsa ya rasa. Ina son mutum arba'in da biyu su yi masa dariya, ba ragin ko ɗaya.

Akwai sakin layi ɗaya da na bari babu komai, a shafi na biyu. Zan cike shi daga baya.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Na manta da zaman yamma. Ina can ɗakin karatu ina neman wani sashe na doka, yara huɗu suka yi ta jira a bakin ƙofata minti arba'in suka tafi. Sun zura mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa: "Anti mun zo."

Shi ya jawo duk wannan. Shi.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Shugaba ta ce kwamiti ba zai zauna ba sai bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa! Na ce to fom fa? Ta ce, "Fom ai ba ya buƙatar kwamiti, Malama. Bene ɗaya ne tsakaninki da shi." Sannan ta ce har yau ba ta ga ƙorafin ba. Na ce bai kammala ba. Ta ce, "Me ya rage?" Na ce kaɗan.

Shafi goma sha huɗu.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Maman Guguwa ta daina amsa saƙonnina. Jakar tana ƙarƙashin teburina, kullum ƙafata tana taɓa ta.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Na je.

Ban shirya ba. Jakar ce ta fara wari, na buɗe na tarar da lemo da ta zo da shi ranar ya ruɓe a kan littafin kimiyya. Na zauna ina goge shi da tsumma, sai na ga hawaye yana ɗiga a bangon littafin. Na ɗauki jakar na fita.

Shagon baban Guguwa a gaban gidan yake, gyaran firij da fanka yake yi. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, bai ɗago daga aikinsa ba. Ya ce, "Malama, mun ɗauka kin yi tafiya." Ya nuna mini ciki da sukudireba.

Tana zaune a ƙasa ta wargaza wata fanka, ƙusoshi a jere a cikin murfin kwano. Silifas ɗinta ɗaya shuɗi, ɗaya baƙi. Ta rame.

Ta ce, "Anti. Kwana goma sha bakwai."

Ban zauna ba na fara. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na rubuta shafi goma sha huɗu, mutumin nan sai ya yi da-na-sanin haihuwarsa, sai ya durƙusa, sai ya... Ta bar ni na yi ta zuba har na gaji. Tana ta juya wata ƙusa a yatsunta.

Ta ce, "Anti, na san ke kika bar katin a injin kwafi."

Na zauna a kan wani tsohon firij da ke kwance.

"Ranar da kika ce za ki yi wa Mama kwafi ta manna a bango. Aka kaɗa ƙararrawa kika fito da gudu, kwafin yana hannunki, na asalin babu. Na gan ki. Na ce bari in faɗa miki, sai wata ta kira ni, na manta." Ta yi 'yar dariya. "Mu biyu muka manta."

To ga shi nan, na rubuta. Ni ce. Ni na ɗora katin a kan gilashin injin, na rufe murfi, na tafi na bar shi kwana uku, har Jan Biro ya zo yin kwafin tambayoyinsa ya tsinta. Tun ranar Litinin ɗin farko na sani.

Na buɗe baki in ba ta haƙuri, ta riga ni.

"Wannan ban ji haushinsa ba. Wa zai gane mantuwa in ba ni ba? Shi ma Malam na ji haushinsa kwana biyar, na gaji. Amma kullum ƙarfe huɗu ina fitowa bakin shago in zauna, ina cewa yau Anti za ta zo. Baba har ya daina tambayata me nake jira."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, ko a zamanin bulala. Na yi kuka a gaban ɗalibata kamar ƙaramar yarinya, ita ce ta miƙo mini tsumman goge hannu, duk baƙin mai.

Da na natsu na faɗa mata maganar fom, gobe ƙarfe sha biyu, da akwatin da ya rage. Ta zaro ido. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun watan jiya. Ta ce, "Kai, Anti!" da irin muryar da nake yi mata in ta zo da littafin da ba shi ba.

Ta tashi ta yago gefen wani kwali a shagon babanta, ta karɓi birona, ta duƙa tana rubutu tana cije leɓe. Ga abin da ta ba ni:

Ɗaya, ɗauki fom, ki gani da idonki.
Biyu, hau bene.
Uku, gaishe shi.
Huɗu, kada ki zage shi.
Biyar, nuna masa akwatin.
Shida, duba ya sa kwanan wata.
Bakwai, kai ofishin jarrabawa, kada ki tsaya hira.
Takwas, ki zo ki faɗa mini da bakinki, ba saƙo ba.

Na ce na huɗu zai yi wuya. Ta ce, "Ni ma na biyu yanzu wuya yake mini, duk na ɗauki buroshi sai in ji dariyarsu. Amma in kin yi naki zan yi nawa."

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 11:35 na safe

Na yi.

Na hau, matakala goma sha tara ce, na ƙirga. Na ce ina kwana, Malam. Ya amsa da fara'a har da tambayar mutanen gida, kamar wanda ya ci gasa. Haƙorana sun yi ciwo don cizo. Na ajiye fom na ɗora yatsa a akwatin.

Ya karanta a hankali, ya zaro ɗaya daga cikin jajayen nan, ya tuna, ya mayar, ya ari baƙi. Yana sa hannu yana cewa, "Ni fa ban san na wace ce ba sai da na kai ƙasa. Sunan a ƙasa yake."

Na ce, "To da ka kai ƙasan ka ga sunan fa, Malam?"

Biron ya tsaya. Kunnuwansa na kalla, ba idonsa ba. Wannan tambaya ce, ba zagi ba, na duba katin.

Ya manta kwanan wata. Na nuna masa, na ce, "Mantuwa ce, tana samun kowa." Ya rubuta.

Mai kula da jarrabawa ya buga hatimi ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Malamar tarihi ta tare ni a hanya da labarin ɗinki, na ce mata ina kan mataki na bakwai, ta bi ni da kallo.

Saura na takwas, ƙarfe huɗu.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Kada wanda ya tsinci littafin nan ya ɗauka na yafe. Ban yafe ba, ba kuma ranar da na sa.

Na yage shafi goma sha uku. Ɗaya ya rage, kuma layin farko shi ne: "Ni ce na bar katin ɗalibata a injin kwafi." Sannan abin da ya yi, da kalmominsa yadda ya faɗe su. A ƙarshe buƙata ɗaya. Ba kora ba, ba rage matsayi ba. Ya tsaya a gaban kwamiti, baban Guguwa yana zaune da kayan aikinsa a jiki, ya sake karanta katin nan da ƙarfi daga ɗaya har tara, da muryar da ya yi ranar. In zai iya.

Na kira Yaya na ba ta amsar tambayarta. Ta ce, "Ai na sani, Auta."

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 9:50 na safe

Na miƙa wa Shugaba takardar ƙarfe bakwai da rabi. Ta karanta layin farko ta cire tabarau. Ta ce, "Kin san wannan zai taɓa ki ke ma? Za su iya karɓe ɗakin." Na ce na sani, mu zauna a benci ɗaya ni da shi, na yarda.

Guguwa ta iso ƙarfe takwas saura kwata, takalma iri ɗaya. A bakin ƙofar makaranta wani mai dogon wuya ya ɗaga murya ya ce, "Mataki na biyu!" Abokansa suka fara dariya. Na yunƙura, ta riƙe mini hannu, tafinta jiƙe da gumi. Ta juya ta ce, "Na wanke. Kai fa?" Ba su ƙara ba.

Yanzu ina zaune a benci a bakin ƙaramin ɗakin, ba a yarda in shiga ba. Lissafi ne takardar farko, ka ji rashin kunyar jadawali. Kofinsa yana nan a saman kabad, kuma a can zai tsufa.

Ɗazu na ji ƙararrawar agogon ta kaɗa a ciki, minti goma sha biyar na farko sun cika. Na ji an ja kujera, na ji takunta tana zagaya ɗakin. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na miƙe tsaye na kama hannun ƙofa, mai gadin jarrabawa yana hararata.

Sai na ji ƙarar haƙoran nan, ƙirrr. Ta sake murɗawa.